Bushewar Ciki: Tsakanin Filasko da Maganin Ƙasar Sin

A Unguwar Madaki ta birnin Gombe, kamar sauran unguwannin Arewa, idan cikin mutum ya bushe har kwana uku bai zaga ba, abin da aka saba yi shi ne a jiƙa masa filasko, wani lokaci a haɗa da tsamiya, ya sha da dare, kafin gari ya waye ciki ya saki. Matsalar ita ce ta wanda abin ya zame masa jiki, watau wanda ya yi watanni yana fama, sai ya sha jiƙo sannan ya sami sauƙi, da ya bari kuma ciwo ya komo.

Irin wannan ciwo ne likitocin gargajiya na ƙasar Sin suka daɗe suna yi wa magani da wani haɗi mai suna Ma Zi Ren Wan, wanda wani shahararren likitansu, Jang Jongjing, ya rubuta wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa. Tsirrai shida ake haɗawa a murza da zuma. Daga cikinsu akwai saiwar Da Huwang, wadda sinadarin da ke cikinta dangi ɗaya ne da na filasko, aikinsa shi ne zaburar da babban hanji ya motsa. Sai dai Sinawa ba su bar shi ya yi aiki shi kaɗai ba. Sun ƙara ƙwayoyi masu maiƙo don su tausasa bayan gida, da ɓawon itace da ɗanyen lemo don rage kumburi.

Masana a Jami'ar Baptist ta Hongkong sun gwada haɗin a kan mutum 291, suka buga sakamakon a 2019. An kasa su uku: wasu aka ba su haɗin, wasu maganin dangin filasko, wasu kuwa ƙwayar da ba kome a cikinta. Cikin mako takwas na shan magani, kashi 68 cikin 100 na masu shan haɗin sun sami sauƙi, na filasko kimanin 58, ba wata tazara mai yawa. Amma mako takwas bayan an daina, kimanin kashi 47 na masu haɗin suna nan lafiya, alhali na filasko sun faɗo zuwa 21, kusan daidai da waɗanda aka ba ƙwayar da ba kome a cikinta.

To, akwai wani hanzari. Babban abin da ke cikin haɗin nan 'ya'yan wiwi ne, kuma dokar Nijeriya ta haramta wiwi. Saboda haka duk mai tallan da ya ce yana da shi a jaka, a yi hattara da shi, a kuma nemi lambar NAFDAC a jikin kowace kwalba.

Shi kansa filasko, yawan shansa yana kawo murɗar ciki da zubar gishirin jiki, kuma bai dace da mai juna biyu ba sai da izinin likita. Miyar kuka, da kuɓewa, da zogale, da wake, da shan ruwa isasshe suna yin rabin aikin. Wanda kuwa ya ga jini a bayan gidansa, ko yana ramewa ba dalili, musamman in ya haura shekara 50, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ya kamata ya nufa.