Inabin Hunkuyi, Dawar Samaru da Jarkar Bammi

Da zarar inabi ya nuna, masu talla kan cika bakin titin Samaru da kewayen kasuwar Sabon Gari a Zariya da shi, tuli-tuli a faranti. Daga gonakin Hunkuyi da sauran ƙauyukan Kudan ake kawo shi. A Faransa ko Italiya matse yawancinsa ake yi a yi giya, amma a nan ɗanye ake cinye shi. Kwalaben nan kuwa da ake kira wayin, irin su Eva da Pure Heaven, waɗanda ake fasawa a wurin dina, ruwan inabi ne mai gas, babu barasa a ciki.

Kada dai a ɗauka yankin bai san mashaya ba. Sabon Gari ya kafu ne bayan layin dogo ya iso Zariya a 1911, inda Turawa suka zaunar da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu, nesa da ganuwar birni. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ce ta ba Turawa hujjar hana sayar wa talakawan Arewa barasar ƙetare, sai unguwar baƙi ta zama wurin da ake sassautawa. Ko da Jihar Kaduna ta kafa kotunan Shari'a a 2001, zamanin Ahmed Makarfi, ba ta yi haramcin bai-ɗaya irin na Zamfara ba. Shi ya sa otal-otal da kasuwannin mami na bariki suka ci gaba da harkarsu.

Mai ƙaramin ƙarfi a cikin mashaya ba ruwansa da kwalba. Bammi da burkutu ya sani. Bammi ruwan itacen kwakwar manja ne ko na tukurwa, ana kawo shi a jarka daga kudancin jihar. Lokacin da ya ɗigo zaƙi ne zalla. Sai dai akwai yis a iska da jikin jarkar, ƙwayoyin halitta masu cin sukari su fitar da barasa da iskar da ke sa kumfa. Kafin rana ta faɗi ya fara bugarwa, bayan kwana biyu ko uku wasu ƙwayoyin sun mayar da shi ruwan tsami. Iskar nan ce dalilin da ba a toshe jarkar gam, don sai ta kumbura.

Burkutu ya fi wahala, kuma aikin mata ne. Sai an jiƙa dawa, an baza ta ana yayyafa ruwa har ta yi tsiro, an shanya, an niƙa, an dafa a ganga, an bar ta ta yi tsami, an sake dafawa, sannan a zuba ɗan tsohon burkutu a bari ya tashi. Tsiron nan shi ne mabuɗi: shi ke narkar da sitacin ƙwaya ya koma sukari, abincin yis.

A nan Samaru ta shigo cikin labarin. Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, wadda ta soma a 1922 kafin ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ita ta fitar da gajeriyar dawar kaura mai lamba SK5912. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kan wannan dawa kamfanoni suka faɗa, na giyar kwalba da na lemon malt duka. Manomin da ya kai buhunsa kasuwar Giwa bai san tukunyar da zai ƙare a ciki ba.

Abin da ya fi shafar mai karatu yana cikin kular da ke ƙofar gida. Matan unguwar Jushi da ke dama kunun zaƙi da zoɓo da kunun aya suna fama da wannan yis ɗin. Kunu ya sha sukari, ga zafin bazara, ga rashin wuta. Idan ya kwana ba ƙanƙara, gorar ta yi tauri, a buɗe ta yi tsaki, ɗanɗano ya soma yaji. Ya kama hanya ke nan, ko da bai kai ga bugarwa ba. Malamai sun daɗe da sanin haka: a Sahihu Muslim an ruwaito cewa Annabi (SAW) kan sha ruwan jiƙon zabibi zuwa yammacin kwana na uku, bai wuce nan ba. Mai kunu ba ta da kwana uku a watan Afrilu. Kunun aya ma ba ya kai yamma, don haka take dama kaɗan-kaɗan, kuma kuɗin ƙanƙara kan cinye wani kaso na ribarta.