WAHALAR HAƊIYA: WADDA AKE JINYA A GIDA DA WADDA BA A KWANA DA ITA

Maigida da uwargida, wannan takarda taku ce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran mutanen gida.

Mutum yakan zauna gaban akushi, ya kai loma baki, sai ya ji ta ƙi wucewa, ko kuwa ta wuce da zafi. Sau da yawa abin ba ya kai mako ya tafi. Amma akwai irin da ba ya tafiya, akwai kuma irin da ke kashe yaro kafin gari ya waye. Abin da muke so ku koya shi ne yadda za ku rarrabe su.

HANYAR ABINCI

A cikin wuya hanya biyu ce. Ta gaba ita ce ta iska, tana zuwa huhu. Ta baya ita ce ta abinci, watau maƙoshi, tana bi ta cikin ƙirji har tumbi. Tsawonta a jikin babban mutum kamar inci 10 ne. Abinci ba faɗawa yake yi cikinta kamar dutse a rijiya ba. Naman jikinta ne ke matsa shi ƙasa kaɗan kaɗan, kamar yadda ake tatsar saniya. A bakin tumbi kuma akwai wata tsoka mai buɗe wa abinci, sa'an nan ta tsuke don kada ruwan tsamin ciki ya komo sama.

To, haɗiya tana wuya ne saboda ɗayan abu uku: ko hanyar ta ji rauni ta kumbura, ko wani abu ya tare ta, ko tsokarta ta kasa aiki. Idan wani ya yi kukan haɗiya, ku tambaye shi: Tun yaushe? A wuya ne ko a ƙirji? Abinci mai tauri ne kaɗai ke tsayawa, ko har da ruwa? Likita ma abin da zai fara tambaya ke nan.

WADDA AKE JINYA A GIDA

1. Mura da ciwon maƙogwaro. Wannan ya fi kowanne yawa, musamman da hunturu. A jiƙa rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofin ruwan ɗumi, a riƙa kurkure maƙogwaro. A sha kunu mai ɗumi da ruwa da yawa. Zuma tana taimako, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba. Idan da zazzaɓi mai zafi, ko kun ga ruwan mugunya a gefen maƙogwaron yaro, ku kai shi asibitin da ke kusa. Akwai wata ƙwayar cuta da ke fara wa daga maƙogwaro, in ba a kashe ta ba ta lalata zuciya daga baya. Maganin da aka bayar kuwa a shanye shi duka.

2. Ƙwarnafi. Shi ne zafin da ke tasowa daga ciki zuwa ƙirji bayan an ci abinci, wani lokaci har da tsami a baki. Ruwan tsamin tumbi ne ke komowa yana ƙona maƙoshi. Ya fi kama masu ƙiba, da mata masu ciki, da mashaya taba, da wanda ke cika ciki da tuwo ya miƙe kan tabarma nan take. Maiƙo da yaji da soye-soye suna ƙara shi. Ku ci kaɗan kaɗan. Ku bar awa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya. Ku ɗaga kan gado da bulo kamar inci 6, ku kwanta ta gefen hagu. Jiƙon kanwa yana kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma ba ya warkarwa, yawan shansa kuma ɓarna ne. Ƙwarnafin da ya daɗe yakan bar tabo, hanyar ta tsuke. In ya wuce mako 3 yana damunku, ku ga likita.

3. Ƙwayar magani. Wanda ya haɗiye kafso da miyau kawai ya kwanta, kafson yakan manne a hanya ya narke a wurin, ya yi masa gyambo. Da safe sai ya ji haɗiya kamar wuƙa a ƙirji. Tetrasaikilin da ƙwayar ƙarin jini da magungunan ciwon jiki sun fi yin haka. Kowace ƙwaya a kora ta da cikakken kofin ruwa, a zauna rabin awa kafin a kwanta.

4. Abinci mai zafin gaske. Shayi da koko da ake kurɓa suna tururi suna ƙona hanyar. A 2016 masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sanya abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo dajin maƙoshi. Ku bari ya sha iska tukuna.

WADDA BA A KWANA DA ITA

1. Shaƙewa. Idan loma ta bi hanyar iska, mutum ya kasa magana da tari, ya kama wuyansa, babu lokacin tafiya ko'ina. Ka sunkuyar da shi, ka buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau 5. In bai fito ba, ka tsaya bayansa, ka ɗora dunƙulen hannu sama da cibiya, ka fizga ciki da sama sau 5. Ka yi ta maimaitawa. Jariri kuwa a kifa shi bisa hannu, kai ƙasa, a buga bayansa sau 5, a juya shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsa biyu sau 5. Mai iya tari a bar shi ya yi ta tari. Kada a ba ƙananan yara ƙwayar gyaɗa.

2. Ƙayar kifi, da ƙashi, da tsabar kuɗi. An saba cewa a haɗiyi ƙatuwar lomar tuwo don ta tura ƙayar. Kada ku yi. Lomar tana iya ƙara soka ta har ta huda maƙoshi. Kada kuma a cusa yatsa ana lalube. Wanda ya kasa haɗiye miyaunsa a kai shi yanzu. Mafi haɗari shi ne ɗan batirin nan mai kama da maɓalli, na agogo da kayan wasa. In ya tsaya a maƙoshin yaro yana iya ƙona shi mummunar ƙuna cikin awa 2.

3. Sodar sabulu. Mata masu yin sabulu su saurara. Ruwan soda kamarsa ɗaya da ruwan sha, yaro mai ƙishirwa bai san bambanci ba. Kurɓi ɗaya yana ƙona maƙoshi, bayan 'yan makonni tabo ya tsuke hanyar, yaro ya kasa haɗiye ko da kunu. In ya sha, kada a sa shi amai, gama sodar za ta sake ƙona shi wajen fitowa. Kada a ɗura masa manja ko lemun tsami. A wanke bakinsa da ruwa, a kai shi asibiti tare da kwanon, ko da bakin bai nuna ƙuna ba. Kada a taɓa zuba soda cikin gorar ruwa ko kofi.

4. Mashaƙo. Tun daga ƙarshen 2022 wannan cuta ta ɓarke a Kano, ta bazu a jihohi da yawa na Arewa, ta kuma taɓa Jamhuriyar Nijar a 2023. Yaro yakan yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, wuya ya kumbura, wata fata mai ruwan toka ta rufe maƙogwaron har ta toshe numfashi. Kada a kankare ta. A keɓe yaron daga 'yan'uwansa, a kai shi asibiti ran nan. Akwai rigakafi: ana yi wa jariri allura yana da mako 6, da mako 10, da mako 14.

5. Cizon kare da sarƙewar haƙora. Wanda kare ya ciza, bayan makonni ya fara tsoron ruwa ya kasa haɗiye shi, haukan kare ya kama shi, kuma a wannan lokaci da wuya ƙwarai a tsira. Magani tun ranar cizo ake yinsa: a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a tafi a karɓi allura. Wanda kuma ya ji rauni da ƙusa ko fartanya, muƙamuƙinsa ya sandare, a kai shi nan da nan.

6. Shanyewar ɓarin jiki. Idan baki ya karkace, magana ta sarƙe, mutum yana ƙwarewa da ruwa, kada a yi masa ɗura, domin abin zai bi hanyar huhu. Haka nan nauyin ƙirji mai haɗe da gumi, yana sauka hannu, kada a ce ƙwarnafi ne. Yana iya zama ciwon zuciya.

WADDA KE ZUWA A HANKALI

Wannan ita ce mai ruɗi, domin da farko ba ta da zafi. A ce ga dattijo. Bara nama ya fara tsaya masa a ƙirji, ya ce haƙori ne, ya bar cin nama. Da kaka tuwo ya fara tsayawa, sai da ruwa. Da bazara ya koma kunu. Riga ta yi masa yawa. Mutanen gida suka ce sammu ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe wata shida. Ran da aka kai shi asibiti, ko ruwa ba ya wucewa.

Haka dajin maƙoshi ke tafiya: daga mai tauri zuwa mai laushi, daga mai laushi zuwa ruwa, tare da rama. Ya fi kama manya, musamman mashaya taba da giya. In an gano shi da wuri akwai abin da likita zai iya yi. In an makara, sai dai sassauci.

Kada tsoro ya hana ku zuwa, gama ba duka ne daji ba. Yana iya zama tabon ƙwarnafi, ko tsokar bakin tumbi ce ta ƙi buɗewa, ana kuwa buɗa su. Yana iya zama maƙoƙo ne ke danne hanyar. Don rigakafinsa aka wajabta sa aidin cikin gishiri a Nijeriya tun 1993. Mata masu ƙarancin jini na dogon lokaci ma sukan sami wahalar haɗiya. Farin abu kamar kindirmo a harshe da maƙoshin babba yakan nuna ciwon suga ko ƙanjamau, duka biyun kuwa akwai maganin da ke riƙe su. A manyan asibitoci akan zura siririn bututu mai fitila a ga abin da ido.

Ga alamun da ba a jira da su: haɗiyar da ke ƙara wuya ko ta wuce mako 2, rama ba dalili, aman jini, baƙin kashi kamar kwalta, dushewar murya fiye da mako 3, ƙullutu a wuya.

MAGANAR BELI

Idan yaro ya ƙi nono ko babba ya yi ciwon wuya, akan ce beli ne, ko hakin wuya, a kira wanzami. Ku sani kowane ɗan Adam da belinsa aka haife shi, yana kuma da aiki: yana taimakawa wajen tare hanyar hanci lokacin haɗiya. In ya kumbura, cutar maƙogwaro ce ta kumbura shi, yanke shi ba ya kashe cutar. Abin da yanka ke kawowa shi ne zubar jini, da sarƙewar haƙora, da ciwon hanta ko ƙanjamau daga askar da ta taɓa wani. Yaro mai mashaƙo kuwa, lokacin da aka ɓata wajen wanzami shi ne lokacin cetonsa.

ABIN DA ZA A RIƘE

Ku tauna abinci sosai, kada ku ci da gaggawa. Ku tsince wa yara da tsofaffi ƙayar kifi. Soda da batiri da magani a ajiye su sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ku cika allurar rigakafin jarirai. Wanda ya kasa numfashi ko haɗiye miyau, yanzu ne. Wanda abinci ya fara tsaya masa, cikin makon nan ne, ba bayan girbi ba. Kuɗin mota yau ya fi sayar da sa gobe.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya.