Kallon Taurari da Ƙaramin Madubin Hangen Nesa

A watan Janairun 1610 Galileo ya hango watanni huɗu suna kewaya duniyar Mushtari, da madubin da ke ninka girman abu kamar sau 20 kawai. Ƙaramin madubin da ake sayarwa da araha a yau ya fi nasa nuna abu tangaran. Ashe ba rashin kuɗi ke karya gwiwar sabon shiga ba, sayen tumun dare ne da gaggawa.

In ka je saye, kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka, wai yana ninkawa sau 500. Faɗin gilashin gaba za ka tambaya, domin shi ke tara haske. Mai faɗin milimita 70 ya ishe ka. Ninka faɗin sau biyu, ka sami iyakar ƙarfinsa, wato 140. In ka wuce nan sai dishi-dishi. Sannan ka taɓa ƙafafun da yake zaune a kai. In suna rawa, ƙyale shi, don ɗan motsi kaɗan zai sa tauraro ya riƙa tsalle a idonka.

Akan haɗo shi da ƙananan gilasan ido biyu. Don sanin sau nawa yake ninkawa, raba tsawon da aka rubuta a jikin bututun da lambar gilashin: 700 a raba da 25 ya ba da 28, a raba da 10 ya ba da 70. Kullum ka fara da mai lamba 25, shi ya fi faɗin fili, sai ka kama abin da kake nema sannan ka sauya.

Tun da rana ka daidaita ɗan madubin saiti da ke bisa bututun. Nufi kan hasumiyar masallaci mai nisa, ka juya kusoshinsa har su biyun su nuna wuri ɗaya. Amma ko da wasa kada ka nufi rana da shi, nan take take ƙona ido, kuma kada ka bar yara da shi su kaɗai.

Da wata za ka fara, daren bakwai ko takwas, ba daren sha huɗu ba. Cikakken wata haske ne zalla mai kashe ido. Rabinsa kuwa, bi layin da haske ya haɗu da duhu: nan inuwa ke fito da ramuka da duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Za ka ga yana zamewa daga fili cikin 'yan mintuna. Ba madubin ne ya lalace ba, ƙasa ce ke juyawa, sai ka riƙa binsa a hankali.

Daga nan sai Mushtari, manhajar Stellarium za ta nuna maka inda yake. Zana inda watanninsa suke yau, gobe ka sake dubawa, za ka tarar sun sauya wuri. Zoben Zuhal yana fitowa da gilashi mai lamba 10, ƙarami ƙwarai amma a fili. Zara kan koma kamar jinjirin wata. Kaza da 'ya'yanta, da ido ke ƙirga shida ko bakwai, sai ka ga sun zama gommai.

Nisanci fitilun titi, ka ba idonka minti 20 ya saba da duhu ba tare da duba waya ba. Daren da hazon hunturu ya yi kauri ka haƙura. Sama ta fi washewa bayan an ɗauke ruwan sama.