Ƙwayoyin Halitta Masu Ceton Zanen Bango

Duk wanda ya shiga ɗakin ibada na Sistin da ke Fadar Batikan a birnin Rum, ya ɗaga kai ya dubi zanen da Mikelanjelo ya yi a rufinsa tsakanin 1508 da 1512, ba zai rasa tambayar yadda launi ya shekara sama da 500 bai kaɗe ba. Amsar tana cikin ilimin sinadarai.

Masu zane na Zamanin Farfaɗowa a Italiya sukan dama launi da ruwa, su shafa a kan ɗanyen yaɓen farar ƙasa. Yayin da yaɓen yake bushewa, sai ya haɗu da iskar kabon dayokzaid, ya rikiɗe ya zama kalsiyam kabonet, wato sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai da kwanson dodon koɗi. Ta haka launin yakan shige jikin bango. Wannan fasaha ita ake kira firesko, kuma ita ta sa mai zane ba ya yaɓa fiye da abin da zai iya zanawa a yini guda.

Sai dai zanen yana da abokan gāba. Numfashi da gumi da ƙurar miliyoyin masu ziyara kan ɓata fuskarsa, damshi kuma kan jawo fumfuna. Shi ya sa a 2014 aka girka wa ɗakin Sistin sababbin na'urorin tace iska.

Babban darasi ga ɗalibin ilimin halittu yana birnin Pisa, a maƙabartar Kamposanto, inda Benozzo Gozzoli da waɗansu magabatansa suka ƙawata bangaye. A watan Yuli na 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gobara ta cinye rufin ginin. Don ceton abin da ya rage, aka liƙa ƙyallaye a kan zanen da mannen da ake yi da fatu da ƙasusuwan dabbobi, aka ɓamɓaro shi daga bango. Da shekaru suka ja, mannen ya ƙandare a kan waɗansu sassa, ya ƙi fita.

A farkon shekarun 2000, masanin ƙananan halittu Giancarlo Ranalli da abokan aikinsa suka shimfiɗa auduga ɗauke da bakteriya mai suna Pseudomonas stutzeri a kan zanen Spinello Aretino. Manne furotin ne, abinci ke nan ga waɗannan ƙwayoyi. Cikin sa'o'i ƙalilan suka narkar da mafi yawansa, ba su taɓa launin ba, domin launin ma'adini ne.

Ashe halittar da aka fi sani da jawo cuta da ruɓa tana iya zama ma'aikaciya, muddin an san abin da take ci.