ZAƁEN NONON ROBA BAYAN AIKIN FIƊA

Cikin ire-iren ciwon daji da ke kama mata a duniya babu wanda ya kai na nono yawa. Bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shekara ta 2022 an sami mata wajen miliyan 2.3 da wannan ciwo, waɗanda ya yi ajalinsu kuwa sun kai 670,000. A Nijeriya ma shi ne kan gaba cikin ciwon dajin mata, ga shi kuwa da yawa ba su kan isa asibiti ba sai ciwo ya yi nisa, har ya zama babu makawa sai an cire nonon ɗungum. To, bayan an yi aiki, an kwance ɗinki, 'yan dubiya sun watse, sai wata tambaya ta taso wadda kunya kan hana a yi ta a fili, watau me mace za ta sa a gurbin abin da aka cire. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana yadda a ke wannan zaɓe, domin malaman da ke koyar da kiwon lafiya su sami abin faɗa in an tambaye su. Abin da za a nuna kuwa ɗaya ne: ba tsada ke sa nonon roba ya yi kyau ba, sai dacewa da jikin mai shi, da aikinta, da zafin garinsu.

Batun Suna

Kafin a shiga bayani ya kamata a daidaita suna. Hausawa sun saba cewa haƙorin roba da ƙafar roba, ko da abin ba da roba aka yi shi ba, saboda haka nonon roba ya bi ƙa'idar da harshe ya riga ya shimfiɗa. Waɗansu sun fi son kalmar mama, don ta fi sakayawa, amma maman roba na iya rikita mai ji, shi ya sa muka tsaya ga na farko. Sai dai a lura, iri biyu ne. Akwai na dashe, wanda likita ke sawa ƙarƙashin fata ko tsoka ta hanyar fiɗa, irin wanda likitoci biyu, Cronin da Gerow, suka fara dasawa a birnin Houston na Amurka cikin 1962. Akwai kuma na sawa, wanda mace ke sawa cikin rigar mama, watau bireziya, ta cire sa'ad da ta ga dama. Maganarmu duka a kan na sawa ta ke.

Yadda Aikin Fiɗa Ya Sake

Siffar nonon roba ta dogara ga abin da wuƙar likita ta bari, don haka tilas a waiwayi tarihin aikin kaɗan. Cikin 1894 William Halsted na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana hanyarsa ta cire nono tare da tsokar ƙirji da ke ƙarƙashinsa da ƙwayoyin kaluluwa na hammata. Wannan hanya ta daɗe tana ci, amma ta kan bar ƙirji da rami mai zurfi. Cikin 1948 David Patey na Landan ya nuna a na iya barin babbar tsokar ƙirji, shi ya sa mata da yawa yanzu ƙirjinsu kan zama shafaffe bayan aiki, ba rami. Sa'an nan binciken Umberto Veronesi a Milan cikin 1981, da na Bernard Fisher a Amurka cikin 1985, suka tabbatar cewa in an tari ciwo da wuri, cire ƙullutun kaɗai tare da gashin na'ura daidai ya ke da cire nonon duka wajen tsawon rai. Ta haka aka sami mata iri-iri: wata an cire mata duka, wata an ɗebe wani sashi, wata har cikin hammata aka shiga. Kowace da abin da ya dace da ita.

Shi kansa nonon roba ya sake. A da mata kan cusa auduga, ko tsumma, ko jakar hatsi. Cikin 1975 aka kafa kamfanin Amoena a Jamus, mai yin su da silikon, wani abu mai danƙo da laushi kamar tsoka. Ruth Handler kuwa, matar da ta ƙago 'yar tsanar nan Barbie, an cire mata nono cikin 1970, ta nemi wanda zai dace da ita ta rasa, sai ta shiga yin nata da sunan Nearly Me, ta kuwa bambanta na dama da na hagu kamar yadda a ke bambanta takalmi.

Lokacin Zaɓe

Kuskure na farko shi ne gaggawa, ga shi kuwa an ce sauri ya haifi nawa. Cikin makonnin farko wurin aiki na da kumburi da tsami, kome aka auna a lokacin ba zai dace ba bayan kumburi ya saɓe. Abin da a ke sawa a wannan tsakani shi ne na wucin gadi, watau 'yar jakar ƙyalle mai laushi da aka cika da auduga ko zare, marar nauyi, wadda a ke iya ƙara mata ciki ko a rage. Na dindindin kuwa sai tabo ya warke sarai, galibi bayan mako 6 zuwa 8. Wadda a ke yi wa gashin na'ura ta kan ƙara jira, domin gashin kan sa fata ta yi ja, ko ta yi duhu, ta yi zafi, wani lokaci har ta saɓule. Likita ko ma'aikaciyar jinya su ke da ikon cewa lokaci ya yi.

Siffa da Girma

Siffofin da aka fi samu uku ne. Na farko mai kusurwa uku, wanda a ke iya sawa dama ko hagu, ya kan dace da wadda ƙirjinta ya zama shafaffe ba a ɗebi nama da yawa ba. Na biyu mai siffar ɗigon ruwa, gefe ɗaya ya fi tsawo, a na iya juya tsinin sama ko wajen hammata, inda duk a ke bukatar ciko. Na uku shi ne wanda aka yi wa dama da hagu, mai ɗan reshe da ke shiga hammata ya cike gurbin da cire kaluluwa ya bari. Ban da waɗannan akwai ɓari, watau ɗan ciko mai kama da ƙoƙo, wanda a ke kifawa a kan nonon da aka rage don ya yi daidai da ɗan'uwansa.

Wajen girma, ma'auni shi ne nonon da ya rage. A kan dubi faɗinsa, da tudunsa, da yadda ya kwanta, gama na budurwa dabam, na uwar 'ya'ya shida dabam. In an sa wa dattijuwa mai tsaye a gefe ɗaya, bambanci zai fito fili fiye da in ba ta sa kome ba. Wadda aka cire wa duka biyu ita ke da zaɓin girman da ta ke so, da yawa kuwa su kan zaɓi ƙasa da na da, don sauƙin ɗauka. Launi ma abin dubawa ne, domin a na yin masu duhu saboda baƙar fata, ko da ya ke yawanci a cikin aljihun riga ya ke zama, ido ba ya ganinsa.

Nauyi da Zafi

A nan ne zaɓe ya fi wuya. Na silikon mai cikakken nauyi shi ya fi kama da na halitta wajen motsi da kwanciya, ba ya kuma hawa sama in an ɗaga hannu. A da a kan nace wa mace ta sa wanda nauyinsa ya yi daidai da abin da aka cire, don kada kafaɗa ta karkace. Yanzu an sassauta, an yawaita yin marasa nauyi, a kan bar mace ta bi abin da jikinta ya fi jin daɗi. Mai manyan nonuwa, da mai ciwon baya ko wuya, da wadda hannunta ke kumbura saboda cire kaluluwa, duk marar nauyi ya fi musu, domin nauyi kan ja igiyar riga ta nutse cikin kafaɗa.

Sai batun zafi. Silikon ba ya shan zufa, ba ya kuma barin iska ta ratsa. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara kan wuce digiri 40, zufa na iya taruwa tsakaninsa da fata ta kawo ƙuraje da ƙaiƙayi a kan tabo. Maganin wannan shi ne a sa shi cikin rigarsa ta auduga, a tanadi biyu ko uku a riƙa sakewa. Na soso da na saƙa sun fi sanyi da araha, a na kuma wanke su kamar tufa, amma da ya ke ba su da nauyi su kan gusa, sai an kama su da aljihu. Akwai kuma mai mannewa a fata, wanda ke sauke wa kafaɗa nauyi, sai dai ba a sa shi sai fata ta warke ƙwarai, zufa mai yawa kuwa na rage masa kamu. Mata da yawa kan riƙe biyu, na silikon don fita unguwa da wurin aiki, na auduga don zaman gida.

Rigar Mama

Kome kyan nonon roba, in rigar da ke riƙe da shi ba ta dace ba, aikin banza ne, don haka riga a ke fara aunawa. A nemi mai faɗin igiya, mai rufe ƙirji sosai, mai tsawo a ƙarƙashin hammata, wadda ɗinkinta bai hau kan tabo ba. Mai waya a ƙasa a bar ta tukuna har wuri ya warke. Akwai waɗanda aka yi musamman da aljihu daga ciki, amma in ba a same su ba, tela mace na iya ɗinka aljihun auduga cikin riga ta kullum, ta bar masa baki daga gefen hammata. Kada a kama na silikon da fil ko allura, gama in ya huje ba ya gyaruwa.

Gwaji

Kada a saya sai an gwada. Mace ta tafi da rigar da ta saba sawa, marar zane-zane, mai ɗan kama jiki, domin ita ke tona bambanci. Ta tsaya gaban madubi ta duba ta gaba da ta gefe, ko tsinin nonuwan biyu na kan layi ɗaya. Sa'an nan ta yi irin motsin da ta ke yi kowace rana: ta ɗaga hannu, ta zauna, ta sunkuya kamar mai shara da tsintsiya, ta kai goshi ƙasa kamar mai sujada. In abin ya rabu da ƙirji ko ya leƙo ta wuyan riga, bai yi ba. Mai goyo ta gwada har da ɗaurin zane da majanyi, domin ƙullin a kan ƙirji ya ke zama, yana iya ture shi gefe ko ya danne tabo. Kada kunyar mai awo ko ta 'yar rakiya ta sa ta karɓi abin da ke damunta, mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Kulawa da Kuɗi

Na silikon a kan wanke shi kullum da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a tsane shi da tawul, a ajiye shi cikin akwatinsa da dare don kada siffarsa ta lalace. A nisanta shi da turare, da hoda, da wuta, da farce. In an kula da shi ya kan kai shekara 2 ko 3. In mace ta yi ƙiba ko ta rame, sai a sake awo. Wani abu kuma da ya fi duka: cire shi kullum dama ce ta duban tabo da ɗaya nonon. In an ga ƙullutu, ko gyambo, ko kumburi, a koma asibiti nan da nan.

Wajen biya, ƙasashe sun bambanta. A Ingila asibitocin gwamnati kan bayar kyauta, a Amurka kuwa wata doka ta 1998 ta tilasta wa inshorar da ta biya kuɗin cire nono ta biya na nonon roba. Inda mace ke saye da kuɗinta bayan magani ya cinye abin hannunta, na auduga da aka ɗinka da kyau ba abin rainawa ba ne. Sai dai a guji cika shi da gero ko shinkafa, domin zufa kan jiƙa hatsi ya yi fumfuna, ƙwari kuma su shiga.

Kammalawa

Daga ƙarshe ya kamata a tuna cewa sawa ba tilas ba ce. Marubuciyar nan ta Amurka, Audre Lorde, da aka cire mata nono cikin 1978 ta ƙi sawa sam, ta kuma bayyana dalilinta cikin littafin da ta fitar a 1980. Waɗansu kuwa ba su iya fita ƙofar gida sai da shi, kowace kuma da gaskiyarta. Aikin miji da dangi da malami shi ne su sanar da ita abin da ke akwai, su bar mata zaɓi. Wadda ta zaɓi sawa, alamar ta dace ita ce ta wuni tana harkokinta, ta je kasuwa ko ta tsaya gaban aji, ba ta ko tuna yana jikinta ba sai dare ya yi ta zo cirewa.