Faya-fayan Cat Stevens kafin ya zama Yusuf Islam

Yawancin mutanenmu sun san Yusuf Islam ne ta waƙar yara ta "A Is for Allah". Labarin da ake yawan bayarwa a kansa kuwa shi ne wai wani mawaƙin Ingila ne da ya dulmiya a shagala, har ranar da igiyar ruwa ta kusa tafiya da shi a gaɓar Malibu ta Amurka, sai ya farka. Lallai ruwa ya kusa cin sa, kuma ya musulunta a Disambar 1977 bayan ɗan'uwansa David ya ba shi tarjamar Alƙur'ani. Amma mai cewa neman gaskiyarsa a teku ya faro, to bai taɓa zama ya saurari faya-fayansa ba. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Cat Stevens, wanda aka haifa a Landan a 1948 da suna Steven Georgiou, ya fitar da faifai biyu a 1967, Matthew and Son da New Masters. Kiɗa ne na 'yan kasuwa, an lafta masa goge da ƙahonni har muryar yaron tana neman nutsewa. Ba za mu daɗe a nan ba.

Sai tarin fuka ya kwantar da shi. Ya yi watanni a asibitin garin Midhurst, ya daɗe yana jinya a gida, yana karance-karancen addinai, yana rubuta waƙoƙi da dama. Da ya miƙe, sai ya koma kamfanin faifai na Island, ya sami Paul Samwell-Smith a matsayin mai tsara sauti da Alun Davies mai kaɗa jita, suka sauke duk wancan kaya. Saura jitar katako guda biyu, ɗan ganga, da murya a kusa da kunne kamar a ɗaki ɗaya kuke. Da wannan salo aka yi Mona Bone Jakon da Tea for the Tillerman a 1970, sannan Teaser and the Firecat a 1971.

A saurari "Father and Son". Uba na rarrashin ɗansa ya zauna, ɗan kuma ya ƙudura tafiya. Mutum ɗaya ne ya rera ɓangarorin biyu: ya sauke murya ƙasa, a natse, in uban ke magana, ya ɗaga ta sama har tana rawa in ɗan ya karɓa. Asalinta ma an rubuta ta ne don wani wasan kwaikwayo kan juyin juya halin Rasha wanda bai kai ga fitowa ba. A faifan Tea for the Tillerman, inda wannan waƙa take, akwai kuma "On the Road to Find Out", waƙar matafiyi mai neman amsa, shekara bakwai cur kafin ya yi kalmar shahada.

Af, "Morning Has Broken" da ake jingina masa ba shi ya rubuta ba. Waƙar coci ce ta Eleanor Farjeon, Rick Wakeman kuma ya kaɗa fiyanon.

Faya-fayan da suka biyo baya sun yi kasuwa, Catch Bull at Four na 1972 har ya hau matsayi na ɗaya a Amurka. Back to Earth na 1978 ne ya rufe wancan zango. Bai sake fitar da faifai irin wannan da jita ba sai An Other Cup a 2006.