Gobarar Daji: A Yi Shiri Tun Ciyawa Ba Ta Gama Bushewa Ba

A ƙasar Hausa, shekarar da damina ta yi albarka ita ce gobarar daji ta fi yin ɓarna. Ciyawa ta cika daji, gamba ta wuce tsayin mutum, kara na jibge a gonaki. Da ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗowa daga arewa maso gabas, cikin 'yan makonni duk ya bushe ƙayau. Daga Nuwamba har zuwa Maris, tartsatsi ɗaya ya isa. Fari ma yana da nasa sharrin: a 1983 gobara ta cinye gonakin koko da na abinci a Gana bayan fari ya busar da kurmi, yunwa ta biyo baya, har a 1990 gwamnatin ƙasar ta kafa doka ta musamman kan ƙona daji.

Kusan kowace wuta hannun mutum ne ya kunna ta. Yara masu farautar gafiya da zomo, mai cire zuma da ya yar da bakin wutarsa, mai gawayi da ya tafi ya bar rami na ci, guntun taba, gawayin shayi da ba a binne ba, manomin da ya cinna wa sassabe wuta da tsakar rana. Kowa a ƙauye ya san masu yi, kunya ce ke hana faɗa. Gafiyar da ba ta cika tukunya ba sai ta jawo asarar rumbu goma.

Gaskiyar da ya kamata mutumin karkara ya riƙe ita ce motar kashe gobara ba za ta iso a kan lokaci ba. Tana birni, hanya ba kyau, wuta kuma idan iska na bayanta a busasshiyar ciyawa tana iya fin mutum gudu. Saboda haka aikin na gari ne, kuma lokacinsa shi ne da an gama girbi.

Babban aikin shi ne share layin tare wuta, wato a kankare ciyawa har ƙasa ta fito fili, a kewaye gari da rumbuna da makiyaya. A yankunan kiwo na Nijar, irin su Abalak da Bermo da Tanut, duk shekara ana share irin waɗannan layuka masu faɗin kimanin mita 15 zuwa 20, sau da yawa a biya mutanen gari kuɗin aikin. Ƙauyen da ba a kawo masa wannan tsari ba, gayya ta ishe shi, da fartanya da manjagara. A fi faɗaɗa layin ta gabas da arewa, inda iska ke fitowa. Ciyawar da aka kankare kuwa a kwashe ta, ai abincin dabba ce. Wanda ya tara ta a bakin layin ya gina wa wuta gada. Idan za a ƙona gefen layin don ƙara masa faɗi, a yi da yamma bayan iska ta kwanta, da sanin mai unguwa da maƙwabtan gona, kuma kada a watse sai toka ta huce.

A cikin gida, a duba inda ake ajiye harawa da kara. Ɗora su kan rufin ɗaki ko jingina su da danga al'ada ce, amma da hunturu ganganci ne. A nisanta su da madafa da ɗakin kwana, kuma kada a haɗa amfanin shekara duka wuri guda. Jarkar fetur ta babur ko injin ban-ruwa ta bar ɗakin da ake jin ɗumi. Randa ko duro su kwana da ruwa, a tanadi yashi.

Ranar da wuta ta taso, a fara da fitar da yara da tsofaffi zuwa fili marar ciyawa, a kwance dabbobin da ke turke. Masu kashewa su bi ta gefe da bayanta da ɗanyen reshen darbejiya da ƙasa, kada su tare ta gaba da gaba. Wanda ta ritsa da shi kada ya gudu inda iska ta nufa, kada kuma ya hau tudu, domin wuta ta fi sauri a hawa; ya ratse gefe ko ya shiga wurin da ya riga ya ƙone. Hayaƙi kan kayar da mutum kafin harshen wuta ya taɓa shi, don haka a rufe hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle. Rigar roba narkewa take yi ta manne a fata, a sa ta auduga.

Wanda ya ƙone, a yi ta zuba wa wurin ruwa mai sanyi na kimanin minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a kai shi asibiti. Manja da ɗanyen ƙwai da man goge baki da ake shafawa ba sa warkar da ƙuna, sai dai su sa ciwon ya ruɓe, ma'aikacin lafiya kuma ya sha wahalar wanke shi.